Karayar Jari A Karkarar Kano Da Jigawa: Abin Da Doka Ta Tanadar Wa Wanda Bashi Ya Fi Ƙarfinsa

A ƙauyukan Kano da Jigawa ba a cika jin cewa wani ya je kotu da ƙafarsa ya bayyana cewa ya karye ba. Abin da aka fi ji shi ne wane ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal bai dawo ba, ko ya daina zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ko an wayi gari an ga shanun huɗarsa a turken wani. Idan bashi ya kewaye dukiyar manomi ko ɗan kasuwa, yawanci wanda ya riga zuwa, ko wanda ya fi ƙarfin faɗa a ji, shi ke ɗauke babur da injin ban ruwa da sauran buhunan da ke rumbu. Matar da ta ba shi kuɗin adashinta don ya juya mata, da leburan da suka yi masa yankan shinkafa, sai su tashi a tutar babu. Shi kansa mai bashin ba ya samun sauƙi, domin an kwashe abin da zai yi sana'a da shi, kuma sunansa na nan a littafin kowa. Wannan rikici shi ne ainihin abin da dokokin karayar arziki suka zo magancewa, wato a tsayar da wawaso, a tattara abin da ya rage, a raba shi da adalci, a kuma bar wa mutum abin da zai rayu da shi.

A Nijeriya, kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya batun karayar arziki cikin jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, sashe na 251 kuma ya ba Babbar Kotun Tarayya ikon sauraron irin wannan shari'a ita kaɗai. Dokar da ke aiki a kan ɗaiɗaikun mutane an yi ta tun 1979, aka yi mata gyara a 1992, kuma tsarinta na dokar Ingila ne. Ta buɗe ƙofa biyu. Mai bin bashi yana iya shigar da ƙara idan abin da yake bi ya kai naira 2,000, kuma wanda ake bi ya aikata ɗaya daga cikin abubuwan da dokar ta ɗauka a matsayin alamar karyewa, misali an yanke masa hukuncin biya, an miƙa masa takardar gargaɗi, kwana 14 suka wuce bai biya ba. Wanda ake bi shi ma yana iya zuwa da kansa ya shigar da takarda cewa ba zai iya biyan basukansa ba. Adadin nan na naira 2,000 ya isa ya nuna tsufan dokar, domin a shekarar da aka rubuta shi naira ta fi dalar Amurka daraja, yau kuwa ba zai cika tankin babur ba.

Idan kotu ta gamsu, takan ba da umarnin a karɓi dukiyar mutumin a sa ta a hannun jami'in da doka ta tanada, kuma daga wannan lokaci mai bin bashin da ba shi da jingina a hannu ba zai ci gaba da bin hanyarsa shi kaɗai ba sai da izinin kotu. Ana kiran taron masu bin bashi, a yi wa mai bashin tambayoyi a bainar jama'a kan dukiyarsa da yadda aka yi ta salwanta. Yana da damar ya gabatar da tayin sulhu, kamar biyan wani kaso ko biya a hankali, idan aka karɓa magana ta tsaya a nan. Idan ba a karɓa ba, sai a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, a naɗa amintacce ya sayar da kayansa ya raba kuɗin, a bar masa tufafi da shimfiɗa da kayan sana'a gwargwadon wani ɗan ƙaramin adadi. A ƙarshe kotu na iya sallamarsa, kuma sallamar tana sauke masa ragowar yawancin basukan, ban da irin wanda ya ci ta hanyar zamba. Kafin a sallame shi, tsarin mulki ya hana shi takarar shugaban ƙasa ko gwamna ko ɗan majalisa.

A takarda wannan hanya a buɗe take ga kowa, amma a aikace kusan a rufe take ga mutumin karkara. Manomi daga Auyo ko Birniwa sai ya je Dutse, na Tudun Wada ko Sumaila sai ya shigo birnin Kano, ya ɗauki lauya, ya biya kuɗin shigar da ƙara, ya yi ta zirga-zirga a shari'ar da ake yi da Turanci. Wanda ya kasa biyan kuɗin buhun taki ba shi da halin wannan. Ga kuma kunya, domin a garin da kowa ya san kowa, a karanta sunan magidanci a kotu a matsayin karyayye abu ne da zai shafi auren 'ya'yansa da matsayinsa a masallaci. Su kansu bankuna ba su cika bin wannan hanya ba, sun fi son su kai ƙarar bashi kai tsaye ko su sayar da jingina.

Masu jin labarin Amurka a rediyo, inda mutum kan shigar da takarda a yafe masa bashi cikin 'yan watanni, ya kamata su san cewa can ma wurin zama yana canja sakamako. Dokar ta tarayya ce, amma jihohi na da ta cewa kan abin da ba za a taɓa ba: a Tekzas da Fulorida ana kare gidan da mutum ke zaune a ciki komai tsadarsa bisa wasu sharuɗɗa, a wasu jihohin kuwa wani kaso kaɗai ake karewa. Tun 1986 suna da babi na musamman, babi na 12, wanda aka yi wa ƙananan manoma domin su biya a hankali ba tare da sun rasa gona ba. Dokarmu ta 1979 ba ta da irin wannan tanadi ga manomi.

Akwai wani kuskure da ya yi yawa a tsakanin masu injin casar shinkafa da masu sayar da taki da maganin feshi. Mutum ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ya rataye takardar a shago, sai ya ɗauka cewa ya zama kamfani. Rajistar suna ba ta raba mutum da kasuwancinsa, saboda haka bashin shagon bashinsa ne, kuma ana iya bin gidansa da gonarsa. Kamfani mai iyakantaccen alhaki ne doka ke ɗauka a matsayin mutum mai zaman kansa, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ƙara masa hanyoyin ceto kafin a kai ga rushe shi, har ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Sai dai ko a nan, idan mai kamfanin ya sa hannu cewa ya tsaya wa kamfaninsa a banki, kariyar ta faɗi.

Dokar da ta fi kusa da mutumin karkara ita ce wadda kotunan shari'ar Musulunci ke aiki da ita, wato fiƙihun Malikiyya, kuma babin taflisi, wato karayar arziki, a cikinsa ya fi yadda mutane ke zato faɗi da tsari. Tushensa ayar nan ce ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin yalwa, a yafe kuma ya fi alheri. A ɗaya ɓangaren akwai hadisin da ya ce taurin bashin mawadaci zalunci ne. Aikin alƙali na farko ke nan, ya gano wanne ne a gabansa, wanda ba shi da shi ko wanda ya ɓoye. Risala, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa a sarari cewa ana iya tsare mai bashi domin a binciki halinsa, amma ba a tsare wanda aka tabbatar ba shi da komai. A zamanin Sayyidina Umar an yi wani mutumin ƙabilar Juhaina da ke sayen raƙuma da tsada bashi domin ya riga alhazai isa, har ya karye, sai halifa ya yi shela cewa duk mai bin sa ya zo da safe a raba dukiyarsa a tsakaninsu.

Tsarin yana farawa ne idan bashin da lokacinsa ya yi ya zarce dukiyar mutum, kuma wani daga cikin masu bin sa ya nemi alƙali ya shiga, ko da sauran ba su so ba. Alƙali zai hana shi tasarrufi da dukiyarsa, ba kyauta, ba sayarwa, ba fifita wani mai bin bashi a kan wani. Duk bashin da ke kansa wanda lokacinsa bai yi ba ya zama na biya nan take, amma wanda shi yake bin wasu yana nan a kan wa'adinsa. Ana sayar da kayansa a gabansa, a gaggauta sayar da dabbobi saboda suna cin abinci kuma suna iya mutuwa, a jinkirta gida da gona kamar wata biyu domin a sami farashi mai kyau. Ana bar masa abincinsa da na iyalinsa zuwa lokacin da ake zaton zai farfaɗo, da tufafin da aka saba, kuma ba a tilasta masa ya ciyo wani bashin ya biya wannan. A mazhabar Malikiyya ana sayar da gidan zama idan bashi ya kai ga haka, saɓanin ra'ayin Hanafiyya da Hambaliyya, kuma malaman mazhabar sun yi saɓani kan kayan aikin mai sana'a. Ra'ayina a nan shi ne alƙali ya karkata ga barin garma da shanun huɗa ko keken ɗinki a inda ya sami sarari, domin wanda aka raba da abin nemansa ba zai taɓa biyan ragowar ba.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar hatsi da ke saye a ƙauye yana kaiwa Dawanau, farashi ya faɗi bayan ya tara kaya da tsada. Wani Alhaji yana bin sa naira miliyan 3, wani dillali miliyan 2, wata mata mai adashi miliyan 1, jimla miliyan 6, abin da aka samu bayan sayar da kayansa kuma miliyan 3 ne. Rabon shari'a shi ne kowa ya karɓi rabin abin da yake bi: Alhaji miliyan 1 da rabi, dillali miliyan 1, matar naira 500,000. Da an bar abin ga ƙarfi, Alhajin zai kwashe duka ukun ya ce an biya shi. Akwai kuma wani hukunci da 'yan kasuwa ya kamata su riƙe. Idan wani ya sayar masa da buhu 20 na riɗi bashi, aka zo aka tarar da buhunan nan a ɗakin ajiya da alamar mai su a jiki, ba a taɓa su ba, to mai su yana da zaɓi, ko ya ɗauki kayansa ko ya shiga rabo. Idan kuwa mutuwa mai bashin ya yi, Malikiyya sun ce mai kayan daidai yake da sauran masu bin bashi.

Babban bambanci tsakanin wannan tsari da dokar tarayya yana wurin ƙarshen magana. Dokar tarayya tana iya goge ragowar bashi da hukuncin kotu. A fiƙihu, bayan an raba abin da ke akwai, masu bin bashi za su ɗaga wa mutum ƙafa, ba su da ikon matsa masa, amma ragowar tana nan a wuyansa har ya samu ko su yafe, kuma idan ya rasu daga dukiyarsa za a fara fitar da ita kafin a raba gado, kamar yadda ayoyin gado a Suratun Nisa'i suka nuna. Magada ba sa biya daga aljihunsu sai don kyautatawa, domin bashin a kan abin da mamaci ya bari yake. Shi ya sa Musulmi da yawa, ko da kotun tarayya ta sallame su, ba za su ji sun sauke nauyi ba.

Tun da Kano da Jigawa suka faɗaɗa aiki da shari'a a shekarar 2000, kotunan shari'a ne suka fi sauraron ƙarar bashi a ƙananan hukumomi, da Hausa, ba tare da dole sai an ɗauki lauya ba. Amma ikonsu yana da iyaka. Ba su da hurumin ayyana mutum a matsayin karyayye ta fuskar dokar tarayya, kuma sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali kamar aure da gado da wasiyya da waƙafi, shi ya sa ɗaukaka ƙara kan bashin ciniki ke komawa Babbar Kotun Jiha. Ƙari a kan haka, ƙarar takan zo ɗaya bayan ɗaya, kowane mai bin bashi da ranarsa, wani lokaci ma a kotuna daban-daban, alƙali ya yanke wa na gabansa hukunci bai san akwai wasu biyar a waje ba. Wanda ake bi ne ya kamata ya buɗe baki tun zaman farko ya lissafa duk masu bin sa, ya roƙi a kira su, duk da cewa wannan ne abin da ya fi yi wa magidanci nauyi.

Bashin banki da na gwamnati nasa hukuncin daban ne, kuma a nan ne manoma suka fi shan mamaki. Shirin ba manoma lamuni na Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, ya shigo yankunan shinkafa da alkama na Kura da Bunkure da kwarin Haɗeja ta hannun ƙungiyoyin manoma, kuma mutane da yawa sun karɓi taki da iri da injin ban ruwa suna ganin rabonsu ne daga gwamnati. Bashi ne, an kuma ɗaure shi da lambar BVN. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba bankin da ya ba da bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani asusun mai bashin a wasu bankuna idan ya sa hannu a kan wannan sharaɗi, ba tare da an je kotu ba. Mutum na iya sayar da bijiminsa a kasuwar Maigatari, a tura masa kuɗin ta waya, kafin ya isa wurin mai POS an cire. Wanda ambaliya ta cinye wa gona, kamar yadda aka yi a sassan Jigawa da dama a 2022, ya kamata ya binciki ko bashinsa na da inshorar NAIC, wato hukumar inshorar noma ta ƙasa, ya kai rahoto a rubuce da wuri, ya kuma nemi banki ya sake tsara masa biya kafin wa'adi ya wuce.

Gona ita ce abin da kowa ke hange. Sashe na 21 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya ce ba a sayarwa ko jinginar da filin da ake riƙe da shi bisa haƙƙin gargajiya sai da amincewar ƙaramar hukuma, idan kuma kotu ce za ta sa a sayar sai da yardar gwamna. Yawancin jinginar gona a karkara ba ta bin wannan hanya, a zauren mai unguwa ake yin ta da shaidu biyu ko uku, wanda ya ba da kuɗi ya ci gaba da noma gonar yana cin amfaninta har a dawo masa da kuɗinsa. Malaman Malikiyya ba su yarda mai riƙe da jingina ya ci amfaninta ba idan asalin abin rance ne, domin ya zama rancen da ya jawo riba. Haka kuma jingina ba ta zama mallakar mai riƙe da ita don kawai wa'adi ya wuce, sai dai a sayar, ya ɗauki haƙƙinsa, a mayar wa mai gona ragowar. Gonar gado da ba a raba ba kuwa, kason mai bashin kaɗai ake iya bi, ba na ƙannensa mata da marayu ba. Dukiyar matarsa ma tata ce, awakinta da kayan ɗakinta ba sa shiga lissafi sai in ita ta tsaya masa. Wanda ya tsaya wa wani kuwa ya sani cewa shari'a da dokar ƙasa duk sun ɗora masa biya, kuma sallamar da kotu ta yi wa mai bashin ba ta sauke wa mai tsayawa nauyi.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan fage shi ne mayar da ofishin 'yan sanda wurin karɓar bashi. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko wani lamari na tsakanin mutum da mutum kawai, dokar ta kuma hana kama wani a madadin wani, kamar a tsare ɗa ko ƙane don uba ya fito. Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa hukumomin tsaro ba masu karɓar bashi ba ne. Dabarar da ake yi ita ce a canja wa ƙarar suna ta koma zamba cikin aminci, dangi su firgita su sayar da abin da bai kamata a sayar ba. Gaskiya ne akwai inda bashi kan zama laifi, kamar wanda ya karɓi kaya da ƙarya tun farko, ko ya ba da cekin da ya san babu kuɗi a asusunsa, wanda dokar 1977 ta tanadar wa ɗaurin shekara 2. Amma wanda ya yi ciniki da gaskiya ya faɗi ba mai laifi ba ne, kuma yana iya neman taimakon Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda ke da ofis a jihohin biyu.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shari'a ta yi wa wanda ya nutse a cikinsa tanadi tun daga zakka, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa masu bashi cikin mutum takwas da ake ba. Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da kwamitocin zakka na masarautun Jigawa suna da hurumin duba wannan kaso, kuma ya dace dagatai da limamai su riƙa gabatar da sunayen waɗanda suka karye ta hanyar halal, ba a tsaya ga rabon hatsi kaɗai ba. Hanyar da ta fi aiki a yau ita ce sulhu a gaban dagaci ko Hisba, amma sulhun baki kan warware da zarar an ga mai bashin ya sayi sabon takalmi. Ya kamata a tara duk masu bin bashi a zama ɗaya, a rubuta sunan kowa da adadinsa, da abin da aka samu, da kason da kowa ya karɓa, da abin da aka yafe, da abin da aka jinkirta zuwa kaka ko girbin rani, da kayan da aka amince a bar masa ya yi sana'a. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu, sannan a kai takardar kotun shari'a mafi kusa a roƙi alƙali ya shigar da ita a matsayin hukuncin da ɓangarori suka amince da shi, ta yadda wanda ya karɓi kasonsa ba zai dawo bayan wata uku da sabon sammaci a kan kuɗin da ya riga ya yafe ba.